Yaɓen Cikin Baba

Daren Laraba, bayan isha'i

Mun dawo daga asibiti a Kano, motar Tsanyawa ta jijjige mu har ƙashina na ciwo. Baba ya yi barci, ni kuwa idona biyu.

Tun damina cikinsa ke murɗawa, gudawa ta ƙi tsayawa, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Shi kuwa kullum sai jiƙon wankin ciki, wai datti ne ya taru. Ko mai ya hana a sa masa a miya.

Likitar ta ce hanjinsa ne ya kumbura. Da ta ji manomi ne, sai ta ce hanji ma yana da yaɓe kamar rumbu, nasa ya tsattsage. Wai da irin man da ke jikin kifi ne jiki ke haɗa wasu 'yan aike masu gaya wa kumburi ya lafa. Ta ba da magani, ta ce a bar jiƙon nan.

Baba ya dube ni ya ce, "Ashe bangon da ke zubewa nake ta kwara wa ruwa, 'yar nan."

Saura kaɗan in yi kuka. Mutumin da bai taɓa bari damina ta riski rumbunsa babu yaɓe ba!

Da muka iso gida, na yi masa miyar kuɓewa da kifi. Kaɗan ya ci, ban matsa masa ba. Da na fita wanke kwano, sai ga tukunyar jiƙon a kife a gindin darbejiya. Ban tambayi kowa ba.

Allah Ka bar min shi ya yaɓe rumbun bana da hannunsa.