Lemun Ɗana Ya Hana Jikata Tallafi

Malam, ka taimake ni, don raina ya gama ɓaci. Shekarata sittin da takwas, ina gyaran kifi a kasuwar Tongyeong. Shekara huɗu ke nan ɗana Byeong-ho ya ajiye mini 'yarsa Da-som ya ce zai dawo da yamma. Uwarta ta rasu. Shi kuma ba adireshi, ba waya, sai kwalin lemun tsibirin Jeju duk sabuwar shekara.

Gwiwoyina sun gaza, sai na nemi tallafin da ake ba dangi masu riƙon yara. Ma'aikaciya ta zo duba gida. Baƙuwa ce, ai ba ta zauna baki busasshe ba. Na ɓare mata lemu, har da alfaharin cewa ɗana ne ya aiko. Ta ci biyu, Malam, biyu, sannan ta rubuta wai uban yana kula da mu. Yanzu sai na rubuta da hannuna cewa zumunci ya yanke tsakaninmu. In na ƙi, kuma na kasa riƙonta, a kai yarinyar gidan baƙi, a biya su. Ni da na haife shi zan rubuta ba ni da ɗa?

Kaka mai takaici

Iya, na karanta dokoki da yawa, ban taɓa ganin wadda ta ce lemu yana biyan kuɗin makaranta ba. Gwamnatin da za ta biya baƙo cikin fara'a amma ta ƙirga wa kaka ɓawon lemu, ta cancanci fushinki da nawa.

Sai dai ma'aikaciyar ba mayya ba ce. Akwai masu ɓoye uba a bayan labule su karɓi kuɗi, ita kuma abin da kika faɗa ta rubuta. Ɗan naki ma kada ki wanke shi. Ya samu hanya mafi araha ta zama uba.

Ki nemi a sake dubawa. Ki tafi da malamar Da-som da maƙwabta biyu su shaida. Kada ki rubuta ba ki da ɗa. Rubuta gaskiya tsagwaronta: shekara huɗu bai zo ba, bai kira ba, bai aiko kuɗi ko won ɗaya ba. Wannan ba tsinuwa ba ce, labarinsa ne, shi ya rubuta shi kafin ke.

Shi babba ne, ya san hanyar gida. Ita ce ba ta da wani gidan sai naki. Allah ya ƙara wa gwiwoyinki ƙarfi, ya raya Da-som a gabanki.