Babban Yatsan Yaya

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufin asiri, ya raya mana yara. Mama ta ji sauƙin ƙafar, har tana fitowa tsakar gida.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne an tayar da Yaya, babbarmu, daga teburinta a shagon wankinmu, teburin da take kai tun Baba yana raye. Kuma ba kowa ya yi wannan aika-aika ba sai mijin Auta, wanda ya laƙaba wa kansa Injiniya don ya iya ɗaura igiyar wuya irin ta 'yan boko. Shi ya cika wa Mama kunne cewa tsohuwar manhajarmu ta ƙauye ce, ya kawo sabuwa, aka kwashe sunayen masu kawo wanki aka zuba mata. Tun daga ranar muka shiga uku. Mutum zai zo karɓar kayansa, a buga sunansa, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, alhali ga rigarsa can a rataye cikin leda. Wani bawan Allah har ya fasa tafiya saboda kwat ɗinsa.

Da na gaji, na kira waɗanda suka sayar da manhajar, suka yi min bayani. Ka san Yaya a kan tafireta, keken rubutun nan na da, ta koyi aiki, duk kalmar da ta gama sai babban yatsanta ya taɓa dogon maɓallin nan na ba da tazara, har a ƙarshen suna. Tsohon rumbun bayanan ba ya kula da wannan fili idan yana gwada sunaye. Sabon kuwa lissafa shi yake kamar harafi, sai suna mai fili a baya da marar fili su zama mutum biyu. Suka ce gyaran ba wuya, a share filayen a kuma saita ta ta daina kula su.

Na kai wa gogan naka wannan magana. Ya taɓe baki, wai mata ba su san fasaha ba, wai Yaya ce ta tsufa, ya sa aka tayar da ita daga teburin. Gyarawa yana nufin ya amsa a gaban Mama cewa bai san abin da ya saya ba. Ka san dabarar da ya yi? Ya sa tsinken sakace ya ɓalle maɓallin daga allon rubutun kwamfutar! Yanzu sunan mutum da na mahaifinsa a manne suke, shi kuma yana yawo yana hura hanci. Wallahi ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi ba.

Don Allah ka kira shi, tunda kai namiji ne kuma kwamfuta ce sana'arka, wataƙila ya ji. Jiya na sami Yaya tana tsintar shinkafa, babban yatsanta yana ta ƙwanƙwasa bakin faranti, ba ta ma sani ba. Sai na juya na fita kafin ta ga idona.

Ka gaishe min da amaryarmu, da takwarata, da ɗan lukutin nan mai ƙiriniya. Mama da Auta suna gaisuwa. Injiniya bai aiko ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Taka har kullum,
Yayarka ta tsakiya