Kaset ɗin Japan da Rusunawar Bilkisu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Aron Kaset na ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, Woolwich.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji da iyali kuna lafiya, ni ce mahaifiyar Bilkisu ta Catford. Wallahi kaina a ɗaure na rubuto.

Na ɗaya: kaset ɗin Japan ɗin nan da wani ma'aikacin jakadanci ya bar wa ƙungiya, an ce kwamiti ya kalli farkonsu, ya ga mutane suna ta rusuna wa juna, sai aka manna musu takarda mai cewa "Tarbiyya". Na gaskata, na karɓo wa 'yata da hannuna.

Na biyu: ranka ya daɗe, da ma kun ƙara zama kaɗan! Wasan kwaikwayo ne na 'yan mata da suka haukace a kan wani siririn mawaƙi mai gashi kamar an shafa masa manja. Su karɓi albashi su ƙarar a hotunansa, su bi shi gari-gari, ga rawa ga shaye-shaye, har da suma don kawai ya ɗaga hannu. Shi ko sunansu bai sani ba. Ba na jin yarensu, amma na zauna ina jiran uwa ko gwaggo ta faɗo da tsawa. Babu wadda ta leƙo.

Na uku: yanzu Bilkisu ta lulluɓe bangon ɗakinta da hotuna, ta ce Tokyo za ta da zarar ta gama makaranta. Babanta ya ce in kwashe kaset ɗin kafin ya kwashe su da kansa.

Na huɗu, nan ne na rasa yadda zan yi. Tun tana ƙarama nake fama ta durƙusa ta gaida manya, sai dai ta jefa musu "hi" tana wucewa. Yau ga ta tana cire takalmi a bakin ƙofa, tana rusuna wa babanta, tana miƙo min shayi da hannu biyu. Abin da ya gagare ni, 'yan sharholiya sun koya mata. In na ƙwace kaset ɗin, ladabin zai zauna ko zai bi su?

Roƙona, kwamiti ya daina yanke hukunci daga farkon kaset. Sannan kaset na ƙarshe ba ya cikin waɗanda na karɓo; a bincika gidan da ya maƙale, a aiko min. Ina so in ga ko yaran nan sun koma gida, kafin tawa ta fita.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da basira, ya shirya mana zuri'a.

Wassalam.
Maman Bilkisu