Iƙamata da Ruwan Teku

Laraba da dare, unguwar Abhur, bakin teku

Jikina duk ya mutu. Tun asuba nake tuƙi, ga kuma abin da ya faru da la'asar.

Ina cikin wanke motar kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, sai wayata ta ɗauki wata irin ƙara, ta Malam Usman mai gadi ma haka. Saƙo ne, amma ban tsaya karantawa ba. Tun da na kalli bidiyon wata girgizar ƙasa, inda ruwan teku ya taso ya share gari, hankalina bai kwanta da gidan nan ba. Na yar da tiyo, na ruga ɗakina da ke can ƙarshen gida, dab da ruwa, don in ɗauko iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar nan.

Na dawo ina haki, Malam Usman yana zaune inda na bar shi.

Ya ce, "Tajriba ce, gwajin gargaɗi suke yi, shi ke nan. Amma Sani, da a ce da gaske ne, kowa sama zai hau. Kai kuwa ruwan ka nufa."

Ashe zaman garin nan ya kai ni inda a tare ni ba takarda ya fi mutuwa ba ni tsoro.

Ga ta nan a aljihuna. Da ita zan kwana.