Ƙararrawar Barbaratal Ba Za Ta Tafi Jamus Ba

Zuwa ga ƙanena Kaspar,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Walburga da yara, kuma ciwon zuciyar nan ya sassauta maka. Kullum kana cikin addu'ata. Mu nan lafiya lau, sai ciwon kafaɗa irin na tsufa. Na haƙe dankali kafin sanyi, kabeji ma ya yi kyau bana, har na raba wa maƙwabta.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Wani mutum ya zo daga ƙungiyarku ta 'yan ƙauyenmu Barbaratal mazauna Jamus, ya hau hasumiyar coci da tef yana auna ƙararrawa, ko gaisuwar kirki babu. Ya ce za a kai ta gidan tarihi a Jamus, kuma kai ka amince. Na ce masa ya sauko a hankali, don tsanin ya girmi ubansa, ƙararrawar kuma ba ta ce masa tana neman biza ba. Fada, limamin cocinmu, ya gaya mini Bishop zai bi abin da zuriyarmu ta Dreiling ta ce, tunda kakanmu ne ya kawo ta, kuma muryarka aka fara ji. Raina ya ɓaci, Kaspar, ba zan ɓoye maka ba.

Ka manta ne? Kakanninmu sun taso daga bakin kogin Volga da amalanken shanu, suka sauka a wannan fili na Kazakistan da ko bishiya babu. Kafin su rufe ɗakunan kwanansu sun gina coci da tubalin laka. Da hukuma ta kori Fadan wancan lokaci ta mai da cocin rumbun alkama, Kaka Apollonia da mata 'yan'uwanta suka binne ƙararrawar ƙarƙashin garken aladu. A kan teburin girkinta ta yi mana baftisma a ɓoye, ni da kai, kuma an ce ihunka ya kusa tona mata asiri. Ranar da aka tono ƙararrawar kai ma ka kama igiya. Bayan nan ne kuka kwashe zuwa Jamus, gida bayan gida.

Na san abin da za ka ce, cewa mun zama 'yan tsirarun tsofaffi, Fada ma sai ya samu hanya yake zuwa. Gaskiya ne. Amma ka san al'adarmu, ba a binne ɗan Barbaratal sai an buga masa ƙararrawa, uku-uku ga namiji, biyu-biyu ga mace. Tun da kuka tafi ban fasa ba. Duk wanda ya rasu a can, waya ake yi mini, in je in ja igiya. Kwanan baya Emilia Kuhn ta rasu, 'yarta ta roƙe ni kada in kashe wayar. Na ajiye ta bakin taga na buga, ina jin kukansu daga can. Ta ce sai a lokacin ta yarda mahaifiyarta ta isa gida. A gidan tarihi wa zai buga wa wa? Za a goge ta, a kewaye ta da igiya, a rubuta kada a taɓa.

Don haka ka kira Fada ka janye maganarka. In ba ka yi ba, motarsu za ta same ni zaune a ƙofar coci, kuma ka san ba a taɓa ɗaga ni daga inda na zauna ba. In ranarka ta riga tawa, ni zan buga maka, ko da haƙori zan ja igiyar. In tawa ce ta riga, na nuna wa maƙwabcinmu Serikbai yadda ake yi. Ya ce shi Musulmi ne, amma ya sha shayina shekara da shekaru, ba zai bari in tafi shiru kamar baƙuwa ba. Kada ka sa ya hau hasumiyar ya tarar babu komai.

Ka gaida Walburga, da Alois da matarsa, da jikata Klara. Tsohuwa Rozalia tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta yafe maka tuffar da ka sace mata ba. Allah ya tsare ku.

Yayarka da ke jiran wayarka,
Ottilie Dreiling