Ya sayar da muryar ƙanena, ni kuma asirinsa na hannuna

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi sauri, domin in na bi zuciyata a yadda take yanzu zan rusa gidan wani mutum kafin makon nan ya ƙare, kuma ban ga alamar zan yi nadama ba.

Ni malamar lakwal ce, wato makaranta, 'yar Damagaram, aiki ya kawo ni Yamai. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, mu ce sunansa Haruna. Shi ya zauna a ƙauye da dabbobin da babanmu ya bari, har fari ya zo ya ci su a gabansa ɗaya bayan ɗaya, geron da ya shuka kuma ya ƙone tun bai fitar da kai ba. Da ya zo wurina ban gane shi ba. Ba ya ci, ba ya barci, sai ya zauna ya zuba wa bango ido. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, mun je likita, abin sai a hankali. Wata maƙwabciyata Bazabarma ce ta ce in kai shi gidan Hajiya Mariama.

Hajiya Mariama tsohuwar ma'aikaciyar likita ce da ta yi ritaya. Duk Asabar bayan la'asar ana shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanta, mutanen da duniya ta yi wa nauyi su zo su zauna, maza gefe mata gefe, a dafa shayi, kowa ya faɗi abin da ke cin shi. Babu mai albashi a cikinmu, babu buro, wato ofis, ko suna ƙungiyar ba ta da shi, tabarmar Hajiya kawai ake cewa. Doka biyu ce. Ta farko, abin da aka faɗa a kan tabarma ba ya bin kowa gida. Ta biyu ita ce ƙwarya. Hajiya na da wata babbar ƙwarya da ake rufewa da zane, tana zagayawa, kowa ya sa hannu a dunƙule ya fitar a dunƙule. Mai shi ya saka, marar shi ya ɗauki kuɗin taksi ko na cefane, ba wanda ya san na wani. Abin da ya rage da shi ake sayen sukari da ganyen shayi, da maganin waɗanda likita ya rubuta wa. Iyakar arzikinmu ke nan, kuma wallahi ya riƙe rayuka da yawa.

A kan tabarmar nan Haruna ya fara buɗe baki. Yana da in'ina tun yana yaro, kalma ɗaya sai ya yi ta fama da ita, amma ba wanda ya katse shi. A nan ya faɗi abin da ko ni ban sani ba, cewa akwai ranar da ya je ya tsaya a kan gada yana kallon ruwa, tunanin innarmu ne kawai ya juyo da shi. Na yi kuka ranar kamar raina zai fita. Daga nan ya fara dawowa mutum. Wani Alhaji ya ba shi mota, yana kai yaran ma'aikata lakwal a unguwar Plateau yana ɗauko su, iyaye na biya a wata. Yaran suna sonsa, har kunun safe yake tsaya musu su saya.

To tun da sojoji suka karɓi mulki kun san yadda abubuwa suka koma, iyakoki a rufe, shinkafa ta yi tashin da ba a taɓa gani ba, ga damina ta ƙi zama. Masu ɗauka a ƙwarya suka fi masu sakawa yawa, wata Asabar ma Hajiya ta ɗaga zane ta tarar da 'yan dala kawai. A lokacin ne Mushe Lawali, wato Malam Lawali a Faransance, ya miƙe. Shi wannan ya yi aiki da wata ƙungiyar Turawa, kullum cikin kwat da jaka ko da rana na narka kwalta, ba ya gama jimla sai ya sa mata Faransanci. Ya ce a bar masa, ya san yadda ake rubuta proje, wato takardar neman tallafi, akwai 'yan ƙasa mazauna waje da ke son taimaka wa irinmu. Muka yi ta sa masa albarka, ni da bakina na ce Allah ya ƙara mana irinsa.

Ashe mutanen sun ce sai sun ga shaidar cewa aikin na amfanar jama'a, shi kuma sai ya riƙa saka waya a aljihun gaba yana ɗaukar mu. Ya haɗa bidiyo, ya shafe fuskoki, ya aika musu, su kuma suka saka a shafinsu don neman gudummawa. Fuska ya shafe, bai shafe murya ba. Duk wanda ya taɓa shiga motar Haruna ya san in'inarsa. Kafin a ce me, abin ya shiga wayoyin iyayen yara, ana turawa ana cewa ga direban da ya so faɗawa kogi, shi muke ba 'ya'yanmu ya haye gada da su. Ban ga laifinsu ba, ni ma uwa ce. Suka janye yaransu, Alhaji ya aiko a karɓi makulli. Haruna ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, ya koma kallon bango.

Na sami Mushe Lawali a ƙofar gidan Hajiya na wanke shi tas, ban bar masa komai ba. Ku san mutumin nan ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi ai bai ambaci sunan kowa ba, kuma kuɗi sun zo, buhunan shinkafar da ke zauren Hajiya daga ina nake tsammani suka fito, har maganin da Haruna ke sha yanzu da kuɗin ake saye. Ya ce ƙungiyar da ba ta da shaida fada ce kawai ta masu shan shayi. Hajiya ta fito ta riƙe ni tana ta cewa kala suru, kala suru, wai in yi haƙuri. Ta sa an cire bidiyon, amma ba ta kore shi ba, domin shi ke magana da masu kuɗin, kuma akwai mata biyu da in maganinsu ya yanke sai Allah. Yanzu tsakar gidan cika take yi fiye da da, amma shinkafa ake zuwa karɓa. A zauna, a sha shayi, kowa na kallon aljihun na kusa da shi, ba mai cewa uffan.

Ga inda nake son ku saurare ni da kyau. Shi ma Mushe Lawali ya taɓa magana a kan tabarmar, tun kafin duk wannan. Ya ce tun da ƙungiyarsu ta tattara ta bar ƙasar ba shi da aiki, amma matarsa ba ta sani ba. Kullum da safe zai sa kwat ya ɗauki jaka ya ce ya tafi buro, sai ya wuce Saga, can gonakin bakin kogi, ya zauna gindin bishiya yana kallon masu shinkafa har yamma. Kuma filin da matar ta gada wurin mahaifinta ya sayar a ɓoye, da kuɗin yake mata albashin ƙarya duk wata. Ita kuwa tana nan tana faɗa wa mutane za su fara gini.

Ɗansu na ajina. Matar takan tsaya mu gaisa a bakin lakwal, mace mai fara'a, shekaranjiya ma take ce min mushe ya samu ƙarin girma. Ranar Alhamis akwai taron iyaye, za ta zo, kuma na riga na tsara maganar da zan faɗa mata, gajeruwa ce, in ce ta je ta duba filinta, in ta dawo ta biya ta Saga. Ina son ya ɗanɗana. Ina son ya shiga unguwa a bi shi da ido yadda ake bin ƙanena, 'yan uwanta su zo su tsaya masa a ka, ya rasa inda zai sa kwat ɗin nan. Duk sanda na ji Haruna na juyi a ɗaki sai in ƙara maimaita maganar a raina.

Jiya na kasa riƙewa na faɗa wa Haruna, ina tsammanin zai ji sanyi. Ya daɗe yana kokawa da kalmomin kafin su fito.

"Yaya, ranar da ya faɗi nasa, ni na riƙe masa hannu. In kika tona shi na san inda zai je. Na taɓa tsayawa a wurin."

Na ce masa shi da ya tona ka ya yi wannan tunanin? Sai ya ce Asabar yana son in raka shi gidan Hajiya, domin ba shi da wani wurin. Kuma na sani in na buɗe bakina tabarmar ta mutu ke nan, don za a ce ba mutum ɗaya ba ne, duk haka muke, masu kuɗin ma za su janye da maganin matan nan har da na Haruna.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba. Da ya ambaci gadar, abin da zuciyata ta fara cewa shi ne, to sai me. Ni da nake koya wa yara tsoron Allah. Wannan ne ya sa na rubuto, domin na fara jin tsoron kaina, kuma duk da haka ban huce ba.

To jama'a, ku faɗa min. In yi shiru mutumin nan ya ci gaba da zama kan tabarma ana gode masa, ƙanena na ɗaki? Ko akwai hanyar da zai biya abin da ya yi ba tare da na zama irinsa ba? Matar ma ba ta da haƙƙin ta san an sayar mata da gado, ko kuwa ni ce nake neman hujja? Kada wanda ya ce min in bar wa Allah kawai, na gwada, ban iya ba. Alhamis matar za ta miƙo min hannu tana murmushi ta ce madam ya gida, ya Haruna. Me zan ce mata?