Abin Tatsar Nono da Maganar Hajiya

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aikin asibiti? Ya Alhaji da yara? Mu nan Azare lafiya lau, sai dai ni kaina ya ɗaure.

Jaririyar da marigayiya Hadiza, ƙanwar maigidana, ta bari tana hannuna, kuma madarar gwangwani ba ta karɓe ta ba. Nas ta ce in na dage da tatsa kullum nono zai iya dawo mini, duk da shekara huɗu ke nan da na yaye Sadiƙu. Na sayo abin tatsa na hannu, sai zafi, ko ɗigo babu. Mai kemis ya ce mai caji ya fi taushi, nas kuma ta ce bakinsa ne ya yi mini kaɗan. Ke kika san aikin, wanne zan ɗauka?

Sannan surukata Hajiya ta zo daga Disina ta ce in bari, wai in yarinyar ta sha nonona ta haramta ga Sadiƙu, ita kuwa ta riga ta haɗa su a ranta. Ana zancen aurenta, alhali ko kilo uku ba ta kai ba.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Allah dai Ya raya ta tukuna.

Ƙanwarki,
Rabi